Kabad ɗin da kafinta ya haɗa min don ajiye bakunan diril masu gindin tefa

Na daɗe ina so in yi maganar wannan kabad ɗin amma na ce bari sai ya ga damina ɗaya da hunturu ɗaya tukunna, yanzu ya gan su duka biyun.

Ina da ɗan shagon aikin ƙarfe a zauren gida, injin huda na tsaye guda ɗaya da ƙaramin injin sassaƙar ƙarfe, kuma shekara da shekaru duk sanda na shiga Ƙofar Ruwa ko na je Kaduna na leƙa Panteka sai na tsinto bakin diril ɗaya ko biyu na hannu, irin masu gindin tefa ɗin nan, wato gindi mai tsukewa, da ba sa buƙatar cok, abin nan mai haƙora da ke damƙe bakin diril, kawai ka zura su cikin bakin inji su kama. A haka suka taru sun haura 40, kuma wallahi duk a cikin tsohuwar akwatin ƙarfe guda nake zuba su, manya kan ƙanana, in ana neman na milimita 19 sai an zazzage komai a ƙasa.

Abin da ya tada min hankali ba ma bakin da ke gutsurewa ba ne, shi wannan ana wasawa ya dawo. Gindin ne. Wannan tefar da ake kira Morse, wani Ba'amurke Stephen Morse ne ya fito da ita tun wajajen 1864, kuma duk dabarar ita ce gindin yana tsukewa a hankali, kusan milimita 1 a kowane milimita 20 na tsawo, shi ya sa in ya shiga raminsa ya zauna lif ƙarfe ya manne da ƙarfe, wannan mannewar ita ke juya shi. Ɗan harshen da ke ƙarshen gindi mutane da yawa suna ɗauka shi ke riƙe nauyin aiki, alhali babban aikinsa shi ne a samu wurin da za a buga ƙarfen cirewa ta ƴar tagar da ke jikin bakin inji a fito da shi. To in gindi ya samu ɗan ƙulli ɗaya tak saboda ɗan uwansa ya faɗo masa a akwati, ba zai zauna daidai ba, sai ya riƙa kaɗawa ramin da yake hudawa ya fito ya fi girmansa, ko ya zame a tsakiyar aiki ya murɗe harshen, mafi muni kuma ya karce cikin bakin injin, wanda gyaransa ba ƙaramin kuɗi ba ne. Na 25 ɗina haka ya yi min, ranar na yanke shawara.

Na je wajen wani dattijon kafinta a unguwarmu da bit uku, wato bakunan diril ɗin, a leda, na ce Baba ga abin da nake so, kabad mai ƙofa, sama katako mai ramuka da za a tsayar da ƙanana, ƙasa durowa biyu da za a kwantar da manya kowa da layinsa. Ya jujjuya su ya ce Malam ai wannan mai sauƙi ne, ka dawo bayan sati. Ya cika alkawari kuwa, kuma kuɗin da ya karɓa bai kai na sabon bit ɗaya babba ba.

Durowoyin ƙasa su ne na fi yabawa. Ya sa siraran katakai a tsakani yadda kowane bit ke kwance shi kaɗai ba ya taɓa na kusa da shi, ya bar ɗan gurbi a tsakiya da yatsa zai shiga a ɗago. Girman gindin Morse da lamba ake kiransa, to masu gindi lamba 3 da lamba 4 nan suke, wato daga sama da milimita 23 zuwa sama, don daga na 32 zuwa na 50 duk gindin lamba 4 gare su kuma nauyi ne da su sosai, tsayar da irin su a tsaye haɗari ne. A gefe ya yi ɗan aljihu na rigunan da ake sa wa ƙaramin gindi ya shiga babban rami da ƙarafan cirewa, ni ban ma ce ya yi ba, shi ya lura da su a ledar ya tambaya. Wannan ya burge ni.

Inda aka samu matsala shi ne ramukan sama, kuma rabin laifin nawa ne don ban yi masa bayani sosai ba. Gindin lamba 2 a wajen da ya fi kauri milimita 17.78 ne, shi kuma ya huda 18 don ya shiga a sake, to bit na 15 ko 16 ai jikinsa bai kai kaurin gindinsa ba, ba abin da zai tare shi, sai ya zurma har ƙasa ya tsaya kan harshe yana lilo. Da na mayar masa ban sha wata gardama ba, ya canza katakon muka huda 11 ga masu lamba 1, wato har zuwa na 14, da 16 ga masu lamba 2, yanzu kowanne yana shiga rabi ya tsaya cak da kansa. Duk wanda zai sa a yi masa irin wannan ya riƙe wannan maganar, ramin ya zama tsakanin siririn gefen gindi da mai kaurin.

Sai maganar tsatsa. Katakon da ya yi amfani da shi na farko bai gama bushewa ba, a watan Agusta na ciro na 12 na ga jan zobe ya zagaye gindin daidai inda ya taɓa itace, raina ya ɓaci ba kaɗan ba. Na goge su da sanfefa mafi laushi a hankali, na ɗiga man inji mai tsabta a kowane rami har katakon ya sha ya ƙoshi, daga nan ban ƙara gani ba. Kafin in sa bit a inji dai dole in share man da tsumma, don tefa ba ta son mai ko ƙura a tsakani. Da hunturu kuma ƙofar ta yi aikinta, ƙurar da ke rufe komai a zauren ba ta shiga ciki sosai ba.

Abu ɗaya da har yau bai gyaru ba shi ne ƙarfen da durowar ƙasa ke gudu a kai, irin na kabad ɗin kaya ya sa, nauyin ya fi ƙarfinsa, in ka jawo ta gaba ɗaya sai ta sunkuya. Na gaya masa ya ce in samo mai kauri zai canza min kyauta. Tsinin da ke kallon sama ma ya taɓa yankar yarona a hannu, shi ya sa na jera gajeru a gaba dogaye a baya, na rubuta lambar kowanne da maka a gaban raminsa tunda rubutun jikin tsofaffin duk ya goge.

Zan sake ba shi aiki, akwai wasu rimomi, wato ƙarafan gyara cikin ramin da aka huda, masu irin wannan gindin da har yanzu suna naɗe a jarida, sati mai zuwa in sha Allahu zan kai masa su ya auna, wannan karon da busasshen katakona zan je.