Google Search Console: abin da yake yi wa shafin Hausa da inda ya gaza

Google Search Console kyauta ne, kuma a ganina duk mai shafin intanet da ke rubutu da Hausa ya kamata ya haɗa shi kafin ya kashe ko kwabo a tallan Facebook. Shi ne ake kira Webmaster Tools kafin a sauya masa suna a 2015. Sai dai a sani tun farko, ba ya turo maka mai karatu ko ɗaya. Aikinsa ya nuna maka abin da mutane suka rubuta a Google har shafinka ya fito musu, gyaran kuwa naka ne.

Haɗa shi ba wuya. In kana da sunan shafi naka na kanka, zaɓi Domain, ka kwafi layin TXT da zai ba ka, wato rubutun da ke tabbatar da shafin naka ne, ka saka a sashen DNS (inda ake saita sunan shafi) na kamfanin da ka sayi sunan. Wannan ya fi ɗaya zaɓin, URL prefix, domin shi adireshi ɗaya tak yake bi: ka rubuta http alhali shafin yana kan https, sai ka yi makonni kana kallon allo babu komai. Bayan nan ka miƙa taswirar shafin, wato fayil mai jerin adiresoshin rubuce-rubucenka. A Blogger sitemap.xml ce, a WordPress mai Yoast (ƙarin manhaja ta gyara shafi don injinan bincike) kuma sitemap_index.xml.

Inda amfanin yake shi ne Performance. Lambobi huɗu yake bayarwa: sau nawa aka danna, sau nawa shafin ya bayyana, kason da suka danna cikin ɗari, da matsakaicin matsayinka a sakamakon bincike. Mutane da yawa na farkon kawai suke kallo, kuma nan ne asarar. Zaɓi wata uku, kunna matsayi, ka jera kalmomin bincike bisa yawan bayyana. Nemo waɗanda kake tsakanin na 8 da na 20, suna bayyana sosai amma ba a dannawa. Google ya riga ya yarda rubutun ya dace da tambayar, kanun ne bai ja mutum ba ko amsar ta yi nisa. Ka dawo da ainihin kalmomin da aka nema zuwa farkon kanun, kada ya wuce haruffa 60 don kada a yanke shi, ka ba da amsar a sakin layi na farko maimakon doguwar gaisuwa, sannan ka sa mahaɗi zuwa gare shi daga tsofaffin rubutu biyu ko uku. Manna adireshin a URL Inspection ka nemi a sake dubawa. Ba shi mako uku zuwa huɗu kafin ka kwatanta. Gyara tsohon rubutu ɗaya ta haka ya fi sababbi biyar da babu mai nemansu.

A nan kuma za ka ga yadda mutanenmu ke bincike a waya: babu ƙugiya a haruffa, kuma ana cakuɗa Hausa da Turanci. "Yadda ake hada" da "yadda ake haɗa" layi biyu ne daban a rahoton, don haka yi amfani da matatar regex, wadda ke ba ka damar neman kalma fiye da ɗaya a tare, ka rubuta hada|haɗa ka ga jimillarsu. Ban yarda a lalata rubutu saboda Google ba, a bar ƙ da ɗ da ɓ a cikin kanu da jikin labari. Amma a adireshin shafi a cire su, domin ƙ tana komawa %C6%99, mahaɗin ya yi tsawo ya yi muni in an tura a WhatsApp.

Sashen Pages, wanda ke nuna shafukan da Google ya ajiye da waɗanda bai ajiye ba, yana tsorata sababbi. Adireshin Blogger masu ƙarewa da ?m=1 na waya ne, a ƙyale su. Abin damuwa shi ne "Crawled, currently not indexed": Google ya karanta ya ƙi ajiyewa, wani lokaci saboda labarin kwafi ne da ke shafuka ashirin. Danna maɓallin neman a sake dubawa ba ya maganin wannan. In kuwa duk shafin ne ya ɓace, duba Settings sannan Reading a WordPress, ko an bar alamar hana injinan bincike.

Gazawarsa ta fi taɓa ƙananan shafuka. Yana ɓoye tambayoyin da mutane kaɗan suka yi, alhali yawancin binciken Hausa irinsu ne, sai ka ga jimillar dannawa ta fi abin da ke jere. Layi 1,000 kawai yake nunawa, bayanan ba sa wuce wata 16, kuma bai san komai ba game da masu zuwa daga Facebook da WhatsApp, wannan sai Google Analytics, mai ƙirga baƙin shafi da inda suka fito. Rahoton sauri ma fanko yake zama in baƙi ba su da yawa. Gwada da PageSpeed Insights: babban hoton shafi ya buɗe cikin daƙiƙa 2.5, in ya wuce haka ka mayar da hotunan WebP, tsarin hoto mara nauyi, ka rage nauyinsu zuwa kusan 100KB kafin ka ɗora.