Gargaɗi: masu sola na "biya a hankali" sun cuce ni naira 1,850,000

Assalamu alaikum. Na yi mako uku ina rubuta wannan ina gogewa saboda kunya. Jiya da daddare na ji an ce mutumin da ya cuce ni ya sake buɗe wani shafi da sabon suna yana tallar sola, shi ya sa na ce ko me za a faɗa a kaina sai na yi magana.

Naira miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas da hamsin, 1,850,000, shi ne kafin alƙalamin da na ba shi. Ban da 235,000 da na biya sau biyu na wata-wata. Kuma kuɗin nan ba nawa ba ne ni kaɗai, akwai adashen uwargida na 600,000 a ciki, wanda ta yi shekara guda tana zubawa daga cinikin ƙanƙara da zoɓo.

Duk wanda ke Kano ya tuna duhun da aka yi a watan Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan wutar Arewa suka lalace, aka yi kwana da kwanaki babu ko ƙyas. Litar fetur ta haura naira dubu, janareta ya gagare mu, firizarta ta zama akwatin ajiye kwanuka. A wannan halin ne na ga tallarsa a Facebook: inbata 5kVA, batirin litiyum 5kWh, fanel shida masu 550W, duka 4,200,000, ka ba da wani abu, sauran ka biya cikin wata goma.

Masu cewa "ai da ka yi bincike", ku saurara. Na yi. Ni ba yaro ba ne, shekarata 19 ina aikin gwamnati, ban taɓa saka ko kwabo a irin harkokin nan na ninka kuɗi ba. Na shiga kasuwar Sabon Gari na tambayi farashi a shago huɗu. Nasa bai yi arhar da za ta sa mutum ya yi zargi ba, ya ma ɗan fi na kasuwa, ya ce saboda bashi ne, na ga hakan daidai ne. Na je ofishinsa da ƙafata, a saman wani bene, da allo da yaran aiki da takardar rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, a jikin bango.

Abin da ke hana ni barci shi ne ranar farko. Na ciro waya zan tura masa wani abu, ya riƙe hannuna ya ce, "A'a yallaɓai, kada ka ba ni ko sisi sai ka ga aikinmu da idonka." Aka kira azahar, muka sauka masallacin ƙasan benen muka yi salla sahu ɗaya, kafaɗata na gogar tasa. Daga nan ya ɗauke ni a motarsa zuwa wani gida, firiza biyu suna aiki da na'urar sanyaya ɗaki, babu wutar NEPA. Kullum sai wannan riƙe hannun ya dawo mini. Mutumin da ya hana ka ba shi kuɗi, ta yaya za ka kawo ɓarawo ne? Sai bayan komai ya lalace na koma gidan nan, mai gidan ya ce wani daban ne ya haɗa masa sola tun 2022, shi wannan mutumin maigadin gidan kawai ya sani, yakan ba maigadin na goro ya bar shi ya shigo da baƙi.

Da aka haɗa mini kayan, batirin bai taɓa kai awa ɗaya da rabi ba. Kafin nan ma, sai da ya ja ni mako biyar bai kawo kayan ba, yau kwantena tana Legas, gobe kwastan. A'a, na manta, tun ranar biyan kuɗin akwai abin da ya faru. Lambar asusun da ya ba ni sunan mutum ce ta fito, ba sunan kamfani ba. Na yi magana, ya ce asusun kamfanin yana da matsala da banki, wannan na ƙaninsa ne mai riƙe musu kuɗi. Na tura 1,850,000. Ya rubuta rasit ya buga hatimi. Eh, a nan ya kamata in tsaya, na sani. Amma na riga na ga gida, na ga ofis, na yi salla da shi.

Lissafin ba shi da wuya. Kayan gidana, firiza da fanka uku da fitilu da talabijin, ba su wuce 500W ba. Batirin 5kWh na gaskiya ya kamata ya riƙe su wajen awa takwas. Nawa kafin a idar da isha'i inbata ta fara ƙara ta ɗauke. Ya ce sabon batir sai ya "saba", ya ce hazon hunturu ne ya rufe rana. Na yarda har na biya wata na biyu, 235,000, saboda ya ce in ban biya ba garantin shekara biyar ya faɗi. Azumi ya shigo a watan Maris, lokacin da ƙanƙara ke kasuwa, uwargida ko ƙulli ɗaya ba ta sayar ba. Har yau ba ta ce da ni komai ba a kan adashenta, kuma da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Da na gaji na kira wani injiniya ya buɗe akwatin batirin. Tsofaffin ƙananan batura ne da aka ciro daga wasu kayan aka jona, ga guntayen ƙarfe an ɗaure a ƙasa don ya yi nauyi. Fanel ɗin kuma an liƙa sabuwar takarda a kan tsohuwa, da ya ɓare sai ga 300W a rubuce. Lambar rajistar da ke bangon ofis, ɗana ya duba a shafin CAC, ta wani kamfani ce da ba ruwansa da sola. Ofishin yanzu a kulle yake, mai benen ma yana bin sa haya. Wayarsa a kashe, ya toshe ni a WhatsApp, ko sama ko ƙasa.

Na kai ƙara wurin 'yan sanda, shi ya sa ban ambaci suna ba tukuna, an ce in dakata. Amma rasit, alat na banki, hirarmu gaba ɗaya, muryarsa yana rantsuwa da Allah, da hoton cikin batirin, duk suna hannuna kuma zan saka su da zarar an ba ni dama. Mu uku ne zuwa yanzu, ɗaya wata baiwar Allah ce bazawara da ko wayar wuta ba a kai mata ba.

In za ku saya, kada ku tura kuɗi asusun mutum, ku duba lambar CAC da kanku, ku zo da naku injiniyan ya gwada batir da kaya a kai kafin ku biya. Wanda kuma ya san an yi masa irin wannan a Kano, da maganar "kada ka ba ni ko sisi", ya neme ni ta akwatin saƙo mu haɗa ƙararmu. Ban yafe 1,850,000 ɗin nan ba, Allah ya isa.