Daga Ingila: abin da ya hana Rexton kasuwa

'Yan uwa, ga bayani kan wata mota da ake gani jefi-jefi a titunan Ingila, SsangYong ta Koriya ta Kudu, wadda yanzu ake kira KGM. Babbarsu Rexton tana da injin dizal mai lita 2.2, kujera bakwai, tana jan tirela mai nauyin kilo 3,500. Kuɗinta bai kai na Land Cruiser ba ko kusa. Duk da haka masu saye ba sa rububinta.

A gida tsabar kuɗi ake dirawa a ɗau mukulli. A nan yawancin masu sayen sabuwar mota don kansu da tsarin bashi da ake kira PCP suke ɗauka: ka ba da kafin alƙalami, ka riƙa biya wata-wata shekara 3 ko 4, sannan ka mayar ko ka cika ragowar. Abin da kake biya shi ne darajar da motar za ta zubar a hannunka, sai kuɗin ruwa. Misali a ce motoci biyu kowacce fam 30,000. Mai ba da bashi ya ƙiyasta bayan wata 36 sananniyar za ta kai 17,000, baƙuwar 12,000. Na farko zai biya wajen fam 360 a wata, na biyu 500, kafin a ɗora ruwa. Arhar farashin da aka liƙa a jikin gilas ta tashi a banza ke nan, don Bature kuɗin wata yake dubawa.

Sai gyara. Nan babu Ƙofar Ruwa, babu Fanteka, inda za ka shiga da fasasshiyar fitila ka fito da ta Beljiyam kafin la'asar. Kayan sabis irin su filta da birki ana samu. Matsalar tana ga bamba, fitilar gaba, ƙofa da na'urorin lantarki: in babu a ma'ajiyar kamfanin, sai an jira daga Koriya, mota na zaune a gareji. Masu inshora suna lissafa wannan, domin a nan ana jera motoci rukuni-rukuni, kuma tsadar kayan gyara da daɗewar aiki suna cikin ma'aunin. Dilolinta kuma ba su da yawa, wani sai ya yi tafiya mai nisa don sabis ɗin da bakaniken unguwa zai yi wa Corolla.

Tarihin kamfanin ma bai taimaka ba. Daewoo ta riƙe shi, SAIC ta China ta karɓa a 2004, Mahindra ta Indiya a 2011, ya shiga hannun kotu kan bashi a 2009 da ƙarshen 2020, sannan KG Group ta saye shi a 2022 ta sauya suna a 2023. Mai saye yana tambayar kansa: wa zai cika mini garantin nan in aka sake sayar da su? Sunan da aka fara sabawa da shi da ƙyar, shi ma an canza.

A duba MG. Ita ma ta SAIC ce, a China ake ƙera ta, amma sunan tsohon na Ingila ne, kakannin Turawan sun hau, sai ga ta cike da titi.

Wanda ke tunanin turo Rexton gida don ta yi arha a gwanjo, ya fara zagaya Ƙofar Ruwa ya tambayi fitilarta da famfon dizal ɗinta tukuna.