Boot-Repair: manhajar gyaran kwamfutar da ta ƙi tashi bayan sauya faifai

Sau da yawa, idan aka kwashe Ubuntu, wato wani tsarin gudanar da kwamfuta na Linux, daga tsohon faifai zuwa sabon faifai na SSD, fayiloli sukan isa lafiya amma kwamfuta ta ƙi tashi, domin GRUB, wato manhajar da ke tayar da tsarin, ba ta zauna a inda ya kamata ba. Domin irin wannan matsala aka yi Boot-Repair, kuma kyauta ce.

Ana ɗora ta a filashi a tayar da kwamfutar daga can, sannan a danna maɓallin gyaran da take ba da shawara (Recommended repair), ita kuwa ta binciki faifan ta sake girka GRUB ba tare da an rubuta umarni masu yawa ba. Abin da ya fi burge ni shi ne rahoton da take fitarwa, wanda ke nuna kowane ɓangaren faifai da lambarsa ta shaida da ake kira UUID, da kuma ko tsarin da aka rarraba faifan da shi GPT ne ko MBR. Ko da gyaran bai yi ba, rahoton yakan nuna inda gizo ke saƙa.

Sai dai tana da iyaka. Wajibi ne a tayar da filashin a yanayin da aka girka tsarin, UEFI ko tsohon BIOS, wato hanyoyi biyu da kwamfuta ke fara tashi da su, in ba haka ba gyaran ba zai yi daidai ba. Haka nan idan an kwafi faifai sak, tsoho da sabo suna ɗauke da UUID iri ɗaya, abin da kan sa kwamfuta ta kasa bambance su, don haka gara a cire tsohon tukuna. Ga mai Windows kaɗai kuwa, umarnin bcdboot, wanda ke gyara tashin Windows, ya fi dacewa.