Gargaɗi ga masu tara tsofaffin wasiƙun sojojin Bama

Naira dubu ɗari da tamanin. Dubu ɗari da tamanin mutumin nan ya karɓe a hannuna ya turo min takardun da aka jiƙa da ruwan shayi, wallahi har yanzu zuciyata tafasa take yi.

Ni ba sabon shiga ba ne a wannan harka. Kakana yana cikin waɗanda Turawa suka kwasa zuwa ƙasar Bama, wadda yanzu ake kira Myanmar, lokacin yaƙin Hitila, shi ya sa nake bin duk wata wasiƙa ko ambulan na sojojinmu na runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma. Na san 81 ce ta fara isa Indiya a 1943 ta shiga kwarin Kaladan a Bama, 82 ta biyo baya a 1944, suka haɗu aka kama garin Myohaung a Janairun 1945. Na san yadda hatimin mai tace wasiƙu, wato jami'in da ke duba su don kada sirrin yaƙi ya fita, yake. Kada wani ya zo yana ce min ai da na bincika. Na bincika!

Hotunan da ya turo min ta WhatsApp na ambulan na gaske ne. Hatimin gidan wayar sojoji yana nan, na mai tacewa yana nan, lambar soja a rubuce a baya. Duk wanda ya ga hoton nan zai biya. Ya ce wasiƙu bakwai ne, a cikin akwatin ƙarfen mahaifinsa ya same su bayan rasuwa. Kuma da na kira shi sai ya ce, "Alhaji, ba don asibiti ba wallahi ba zan sayar da kayan Baba ba." Muryarsa har rawa take. Wannan maganar ce take ta dawo min. Ya ce Baba, ya ambaci Allah, ya ce asibiti. Wane ɗan Musulmi ne zai tsaya yana tuhumar mutum a nan?

Dubu ɗari na fara turawa. A'a, kafin nan ma sai da ya yi min bidiyo yana buɗe akwatin. Sauran dubu tamanin ɗin ranar da ya ce ya ba direba saƙo a tasha na tura, don wai wani daga Legas yana neman ya riga ni.

Da saƙon ya zo na kwance ledar, ambulan na farko kan sarkin da ke jiki hoton Sarauniya Elizabeth ne, an rubuta 1944 a gefe. A 1944 mahaifinta Sarki George na shida ne ke kan mulki, ita sai 1952 ta hau. Kuma kan sarkin Najeriya ne, a wasiƙar da aka ce daga Bama ta taso! A ciki an rubuta sunan gari da inda bataliya ta yi zango ɓaro-ɓaro, abin da mai tacewa ba zai taɓa bari ya wuce ba. Takardar na shinshina, ƙanshin shayi, gefenta an babbaka da wuta don ta yi kamar ta tsufa. Duka bakwai ɗin hannu ɗaya ne ya rubuta. Ambulan ɗin da ke hoton ko ɗaya babu a ciki.

Na kira, a kashe. Ya toshe ni. Dubu ɗari da tamanin, da sunan mutanen da suka bar ƙasusuwansu a dajin Arakan na Bama, shi ne ya fi ci min rai.

Hotunan hirarmu da rasit na banki duk suna hannuna, zan saka su da zarar na rufe sunayen da ke jikin ambulan ɗin hotunan da ya fara turo min. Kada ku tura wa kowa ko sisi sai kun riƙe takardar a hannunku. In ya ce muku akwatin Baba da asibiti, shi ne.