Kyautar Survival Fund ko bashin korona na CBN?

Lokacin kullen korona a 2020 hanya biyu gwamnati ta buɗe wa masu ƙananan sana'a. Survival Fund kyauta ne, ba biya, tela ko makaniki ko mai Keke Napep ya samu dubu 30 sau ɗaya, masu ma'aikata kuma irin makarantun kuɗi an biya musu albashin wata uku, dubu 30 zuwa 50 kowane mutum. Kuɗin kaɗan ne gaskiya, buhun shinkafa da ɗan cefane sun ƙare, amma dai ka kwana da hankalinka.

Na Babban Bankin Najeriya (CBN) kuwa da ya bi ta bankin NIRSAL bashi ne, an fara da biliyan 50, ruwa kashi 5 cikin ɗari, a lokacin magidanci zai iya neman har miliyan 3. Ya fi tsoka nesa ba kusa ba, wanda ya zuba shi a kaji ko injin niƙa ya ga amfani, to amma da yawa sun ɗauka rabon gwamnati ne aka yi biki aka sai waya, sai da aka fara cire kuɗi ta BVN ido ya raina fata, wallahi abin tausayi. Ni dai na fi so wa mai shago ɗaya da yara biyu kyautar nan.