EDGE: manhajar da nake buɗewa kafin a haƙa tushe

Zanen gidaje ne sana'ata, kuma babu abin da ke ba ni wuya kamar fahimtar da mai gida cewa katafaren gilashin da yake so a bangon yamma zafi zai tara masa. Magana da baki ba ta isa. Manhajar EDGE, mai lissafa wuta da ruwa da kayan da gini zai ci, ita ce ta ba ni lissafin da nake ajiye masa a gaba.

Hukumar IFC ta rukunin Bankin Duniya ce ta samar da ita, kuma kyauta ce a intanet, rajista kawai za ka yi. Ka zaɓi ƙasa da gari, ka faɗi irin ginin, gida ne ko otal ko asibiti, ka shigar da faɗinsa da yawan hawansa, sai ta gwada shi da ginin da aka saba yi a wurin. Ma'auninta shi ne a rage kashi 20 cikin ɗari a wuta, 20 a ruwa, 20 kuma a abin da sarrafa kayan gini ke jawo wa muhalli. Wannan na ƙarshen ya fi damuna, domin siminti kaɗai ke fitar da kusan kashi 8 na iskar carbon da duniya ke fitarwa.

Inda ta fi burge ni shi ne nan take kake ganin sakamako. Ka rage girman tagogi, lambar da ke nuna ragin wuta ta motsa. Ka sa rumfa a kansu, ka shafa wa rufi farin fenti mai mayar da zafin rana, ta sake motsawa, ta kuma nuna shekarun da kuɗin da ka ƙara zai ɗauka kafin ya dawo. Sau da yawa waɗannan gyare-gyare na kan takarda sukan kai mu nesa tun ba a zo maganar sola ba, kuma a nan masu gida kan sauko.

Kiyasi take bayarwa, don haka ba ta maye gurbin injiniya, kuma idan ka shigar da bayanin ƙarya, ƙarya za ta dawo maka da ita. Takardar shaidar EDGE kuwa, wadda ke tabbatar da cewa gini ya cika wancan ma'auni, daban take: ana biya, kuma sai mai tantancewa ya duba zanen, ya sake duba ginin bayan an kammala. Mai gina gida ɗaya don iyalinsa, manhajar kaɗai ta wadatar da shi. Mai gina rukunin gidaje na sayarwa ne nake ba shawarar ya nemi takardar.